Hutun da Na Hana Goje

Kwana uku ke nan zama ya gagare ni. In na shiga ɗaki in ji kamar ana kirana a waje, in na fito ƙofar gida in rasa abin da ya fito da ni. Maiɗakina ta ce tsufa ne. Ni na san ba tsufa ba ne, wayar ɗan ƙanwata ce, direban nan da ke jigila tsakanin Birnin Kudu da Kano. Ran nan da hantsi muna teburin mai shayi ya tara mutane yana nuna musu bukukuwan Indiyawa, ba irin na fim ba, na can ƙauyukansu. Wani gari ana ɗaura wa kwaɗi aure wai don a samu ruwa. Wani gari an rabu gida biyu ana jifan juna da busasshen kashin shanu. Ana ta ƙyaƙyata dariya, har mai shayi ya bar ƙwai ya ƙone. Can sai ga shanun noma an yi musu wanka, an fente musu ƙaho, an rataya musu furanni. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Kawu, ga kuma wata sabuwa, sa da kwalliya sai ka ce amarya!" Na ture hannunsa na ce ya kawar mini da ita. Na tashi na bar shayina ko rabi ban sha ba.

Abin da ya fara ba ni haushi, dariyar. Kai ka ce mu ba mu taɓa yin namu ba. Mu da muka taso ana kalankuwa bayan an kai amfani gida, a kwana biyu ana kiɗa ana dambe har muryar makaɗi ta dushe. Mu da muke takawa har wajen Gwaram kallon sharo, saurayi ya tsaya yana duba madubi ana tsula masa sanda, ko ƙifta ido ba ya yi. Ran cika-ciki kuwa a dafa tuwo kamar za a ciyar da kasuwa, tsofaffi su ce wanda bai ƙoshi ba yau sai baɗi. Da wani zai ɗauki wannan a waya ya kai wata ƙasa, ai su ma dariya za su yi mana. Yanzu duk ina suke? Yaran yau ka tambaye su kalankuwa su ce abin ci ne ko na sha. Biki ya koma hayar kujeru da lasifika mai fasa kunne, kowa ya zauna ya duƙar da kai kan wayarsa.

Safiyar damina ma ba ta da muryar da na sani. A zamaninmu kafin gari ya gama wayewa za ka ji sarƙar garma tana kacau-kacau a bayan katanga, ka ji ana kiran shanu da sunayensu, ka ji luguden mata daga gida zuwa gida kamar ana amsa wa juna. Ka zuba wa shanunka dusa da ɗan jiƙon kanwa, ka ɗaura musu itacen wuya, ka saɓa bulala ka kama hanya, raɓa tana jiƙa maka wando har gwiwa. Yau mashin ne yake tashe ni. Mai hali ya ɗauko tarakta haya, marar hali ya goya tankin feshi ya kashe ciyawa da duk abin da ke ƙarƙashinta. Masu shanun huɗar ma da yawa sun sayar, tsoron ɓarayi. Wanda ya ajiye sa kuwa kiwo yake yi, ya ɗaure shi wata huɗu ya kai kasuwa, ko suna ba ya sa masa. Ni nawa suna da suna, Goje da Fari.

Baba ya rasu ina sabon aure, ya bar mini garma da gona biyu, ɗaya a bayan gari ɗaya a hanyar Kangire. Shanun ni na samo su wajen wani Bafulatani a Farin Dutse, na koro su a ƙafa, sai da muka kwana a hanya. Fari malalaci ne, sai ka yi da gaske. Goje kuwa ja ne mai faɗin ƙirji, kuma wallahi yana da hankali. Sati biyu ya koyi huɗa. In mun kai ƙarshen kunya ba sai na ja igiya ba, shi zai juya ya jawo Fari. Saboda shi ni kaɗai nake huɗa, ba na neman mai ja mini gaba. Sai dai ni a lokacin wuta ne. Ina son a ce gonar wane ta riga ta kowa, ina son in ji ana cewa yaron nan ya gaji ubansa. Baffana, ƙanin Baba, wanda gonarsa ke jikin tawa, kullum sai ya ce, "Ɗana, sassauta. Dabba ba ta da baki, amma tana da Ubangiji." In ce to, Baffa, in juya in ci gaba da abin da nake yi.

A shekarun nan gwamnati ta kawo malamai daga Indiya makarantun kwana. Akwai wani da ke koyar da aikin gona, dogo, siriri, mai tabarau, kullum a kan keke. Sunansa ya fi ƙarfin harshenmu, muka bar shi a Malam Ba'indiye. Yana da ɗan fili a bayan gidan da aka ba shi, ni nake huɗe masa duk shekara. Ya iya Hausa daidai gwargwado, kuma mutum ne mai son hira. In na gama aiki matarsa ta kawo mana shayi mai citta, shi kuma ya zauna a kan dutse yana ba ni labarin ƙauyensu. Ya ce akwai ranar da maƙeri da masassaƙi suke wanke kayan aikinsu su jera su, ba mai taɓa ko allura. Ya ce wani yanki akwai kwanakin da ba a sa garma a ƙasa sam, wai ita ma ƙasa tana bukatar a ƙyale ta. Ina jin su dai kamar tatsuniya. Abu ɗaya da garin ya sani game da shi, mahauta ba su taɓa ganin ƙafarsa ba. Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce ƙudan kasuwa yake ƙyama. Ba wanda ya tambaye shi, ni ma ban tambaya ba.

Shekarar da abin ya faru, shekara ta bakwai ke nan Goje yana hannuna. Itacen wuya ya ci masa fata, wurin ya zama miki, ina shafa masa baƙin mai ina ci gaba da aiki. Ran nan na gama wa Malam huɗa, sai ya zo ya ɗora hannu a wuyan san, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Mai shanu, wuyan nan ya gaji." Na ce damina ce, Malam, kowa ya gaji. Sai ya ce a garinsu akwai rana ɗaya a tsakiyar damina, ranar da wata ya ɓuya, da ba a ɗora wa sa komai. A kai shi rafi a wanke shi, a shafa masa man shanu da kurkur a inda itace ke zama, a fente masa ƙaho, a ba shi abinci mai zaƙi, kuma mai shi ba zai ci ba sai san ya ci. Ya ce ubansa manomi ne, shanu huɗu gare shi. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga ya ce, "Shekara shida ban yi ba. Ba ni da sa a ƙasar nan. Ka ara mini shanunka yini ɗaya. Ba aiki, hutu kawai." Ya faɗi ranar, saura kwana goma sha biyu. Na ce ba komai, Malam, an gama.

Na dai ji tsoron kada ya zama wani abin da addini ya hana, na je na samu Baffa. Yana jan carbi ya ce wanka da hutu da ciyarwa ba laifi ba ne, addininmu ma ya ce a tausaya wa dabba. Ya ce in na ga an fara rusuna wa sa, to in ja gefe, nasa ne ba nawa ba. Ya ƙara da cewa, "Ka dai riga ka amsa, alkawari kuwa kaya ne." To ka ga ta wannan gefen ba ni da wata mafaka. Samari ne suka sa ni a gaba. Duk inda na gifta sai a ce ango, yaushe ne kamun amarya? Wani ya ce zai kawo lalle, wani ya ce shi zai yi wa Goje guɗa. Ina dariya a fuska, amma raina yana ƙuna. Ni da ake kira gwarzon noma, a ce na kai shanuna kwalliya ana tsakiyar aiki?

Ga shi kuma ruwan shekarar ya yi mana tsalle-tsalle. Aka ɗauke kusan sati biyu ba ɗigo, ƙasa ta yi tauri, gonar hanyar Kangire da na ware wa wake tana zaune ba huɗa, lokaci yana wucewa. Ana gobe ranar Malam, da la'asar, sama ta sako kamar da bakin ƙwarya. Da safe na fito na dafa ƙasa na ji ta yi luguf, irin wadda garma ke shiga kamar wuƙa a cikin kabewa. Ina tsaye ina jin sarƙoƙin mutane suna wucewa a bayan katanga, kowa ya nufi gona. Na leƙa turke, na ga Goje bai taɓa dusar jiya ba, kansa a ƙasa, ƙudaje sun rufe mikin. Na gani fa. Ba zan ce ban gani ba. Na ɗauko itacen wuya.

Inna tana bakin murhu. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai wannan, ba yau ne alkawarin baƙon nan ba?"

Na ce, "Inna, kunya ashirin kawai zan yi, kafin rana ta take na kai masa su."

Ta ce, "Ni dai na ji an ce yinin duka ya roƙa."

Na yi kamar ban ji ba, na kora shanuna.

Kunya goma na farko Goje ya ja, amma ba irin jansa ba. Yana tafiya yana huci, yawu yana dalala. Ashirin ta cika na dubi gonar na ga ko kashi ɗaya cikin huɗu ban ci ba, na ce bari in ƙara goma. Rana ta fara zafi, ƙasar gonar ta yi nauyi tana manne wa garma. A tsakiyar wata kunya ya tsaya cak. Goje bai taɓa tsaya mini ba. Na daka masa tsawa, bai motsa ba. Na zuba masa bulala. Na ƙara, na ƙara, kuma Allah ya gafarta mini, har kan mikin na samu. Ya yi taku uku, gwiwoyinsa na gaba suka lanƙwashe, ya kife ya jawo Fari har shi ma ya durƙusa. Na yar da bulalar na kama igiyar hanci ina ja ina kiran sunansa. Idonsa a buɗe yake yana kallona, cikinsa yana hawa yana sauka.

Ina cikin haka na ji ƙararrawar keke. Ashe Malam ya jira ya gaji, ya je gida, Inna ta nuna masa hanya. Yana sanye da fararen kaya sababbi, ya ɗaure wani kwano a bayan keken. Ya jefar da keken a bakin gona ya taho a guje cikin taɓo. Ya durƙusa ya kwance itacen wuyan da hannunsa, ya buɗe kwanon ya laƙato man shanu da kurkur yana shafa wa mikin a hankali, yana yi wa san magana da yarensu. Ya ɓallo wata gurasa mai zaƙi da matarsa ta yi, cikinta dakakken wake da mazarƙwaila, ya kai masa baki. Goje ya sansana, ya kasa buɗe baki.

Baffa ya hango daga gonarsa ya tsallako da mutum biyu. Ya duba ido, ya taɓa kunne, ya miƙe ya ce, "Inna lillahi. Wannan ba mai tashi ba ne. A kawo wuƙa kafin ya zama mushe."

Malam ya ɗago kai ya ce, "Wuƙa? A'a, Baba. Yau a'a. A bar shi zuwa gobe."

Baffa ya ce, "Malam, ba zai kai azahar ba. In ya mutu da kansa ya haramta gare mu, ka ga asara ta zama biyu. Sai haƙuri."

Malam ya juyo gare ni. Ni ne mai sa, maganata ake jira. Ya ce, "Mai shanu, ka ba ni yinin nan. Ka ce an gama." Hannunsa duk kurkur, farin wandonsa ya zama taɓo har cinya. Na kasa haɗa ido da shi. Na san Baffa gaskiya ya faɗa, na kuma san ni na kawo mu nan. Na ce, "Malam, ɗan matsa." Ya tashi a hankali ya koma wajen Fari, ya juya mana baya, ya dafa shi. Muka juya Goje ya fuskanci alƙibla, ni na riƙe ƙahon, Baffa ya yi bismilla. Da na ɗago, Malam ya riga ya ɗauki kekensa yana turawa, bai hau ba.

Aka feɗe a nan gona, aka kwaso nama a amalanken maƙwabci. Gida ya cika da masu jaje, kowa Allah ya mayar da alheri, Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Ba wanda ya ce mini kai ka jawo, amma ba wanda bai sani ba. Ni dai ina zaune a gindin rumbu. Inna ce take rabo, ta aika gidan liman, ta aika gidan surukaina, ta aika maƙwabta. Can ta ware tozon gaba ɗaya, wurin da ya fi ko'ina daraja a jikin sa, ta sa a sabon kwano ta rufe da faifai. Ta ce, "Kai wannan, tashi ka kai wa baƙon nan da kanka. Mutum ya tako har gona ya taya ka jimami, ya ɓata tufafinsa, kuma ka saɓa masa. Ba a yanka a gida a manta da baƙo." Wata maƙwabciya ta ce ai an ce ba ya sayen nama. Inna ta ce, "Na kasuwa ne ba ya so. Wannan yankan gida ne, a gabansa aka yi." Wallahi har cikin raina na ga dabara ce mai kyau. Na ce ko ba komai zai san mun girmama shi.

Na isa da la'asar sakaliya. An share ƙofar gidan tas, an jera ganyen mangwaro a igiya a saman ƙofa, an yi wani zane a ƙasa da farin gari. Ga bokitai huɗu cike da ruwa, ga gwangwanayen fenti ba a buɗe ba, ga furanni an shirya su zobe biyu manya. Na yi sallama, matarsa ta fito. Na durƙusa na miƙa mata kwanon na ce in ji Inna. Ta ɗaga faifan. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ta saki faifan ya faɗi, ta toshe baki da gefen mayafinta, ta koma ciki da baya da baya. A nan ne, ina durƙushe riƙe da kwano, na gane dalilin da mahauta ba su san shi ba: ba sa cin nama, balle na sa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Shi ya fito. Ya dubi kwanon, ya dube ni. Na fara ƙoƙarin ɓoye shi a bayana ina cewa Malam ka yi haƙuri, ban sani ba. Sai ya sa hannu biyu ya karɓa, kamar yadda ya ga muna karɓar kyauta. Ya ce, "Ka ce wa Inna na gode." Sannan ya ce, "Wane wuri ne wannan?" Na ce tozo ne. Ya ce, "Nan itace yake tokarewa in yana ja." Na ce nan ne. Ya shiga ya ɗauko fartanyarsa, ya nufi filin bayan gida. Na bi shi na karɓi fartanyar, ni na haƙa ramin a gindin wani ɗan darbejiya. A wurinmu binne halattaccen nama ɓarna ce babba, da Baffa ya ji da an yi tashin hankali, kuma har Inna ta koma ga Allah ban gaya mata ba. Amma a ranar ko musu ban yi ba.

Ya sa tozon a ramin, ya ɗauko zoben furanni ɗaya ya ɗora a kai. Na ja gefe ina jiran in ji ya fara addu'ar yarensu. Bai yi ba. Ya tsuguna ya dafa bakin ramin, ya ce da Hausa, yadda za ka ce wa mutumin da ka tarar a gona, "Sannu da aiki, Goje."

Shekara bakwai ina bayansa riƙe da garma. Shi ya cika mini rumbu, shi ya ciyar da Inna da matata, da guminsa aka raɗa wa 'ya'yana biyu suna. Ko sau ɗaya ban taɓa ce masa haka ba.